Irin Dawar da Na Ƙetare Gulbi da Shi

Tashi daga Madarumfa

Tun kafin a kira sallar asuba na naɗa gammo, na ɗora ƙwaryata a ka, na fita. Babu wanda na yi wa sallama sai Baba, shi ma don ya ji motsina ne. Ya ce, "Kande, kin dai ƙi ji." Na ce na ƙi. Ya ce to Allah ya kai ni, in kuma na samo, kada in yarda ya jiƙe. A ƙwaryar akwai daddawar da na yi don musaya a hanya, da ɗan gumba a ƙunshe.

Wannan kuwa shekaru kaɗan ne kafin Nasara su shigo ƙasar nan, gab da damina ta uku bayan Babban Ruwa. Ku na yanzu kuna jin sunan kamar tatsuniya, ni da idona na gani. Sama tas take ranar, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Can wajen Katsina aka yi ruwan, gulbi ya kwaso ya zo mana da shi da hantsi muna gona. Ya tafi da mijina, ya tafi da yayyena maza biyu, ya kwashe rumbunan unguwarmu ta kwari, ko turken akuya bai bari ba. Baba ya tsira a kan itacen giyayya, amma ƙugunsa ya goce, bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba.

Abin da ya rage mana gonarsa ce ta fadama. Dokar garinmu kuwa, gonar da ta yi damina uku ba a ɗauki amfani a cikinta ba, ta koma hannun mai gari. Damina ta farko ba mu da iri. Ta biyu na shuka geron tudu da aka ba mu sadaka, ruwa ya kwanta, ya ruɓe. Mai gari ya aiko cewa da zarar an yi ruwan shuka zai ba wani baƙo mai shanu, sai fa in ya ga irin kirki a ƙasa.

Iri ɗaya ne ke yi a wannan gona, wata doguwar dawa ta kakanninmu da muke kira Gagara-ruwa, wadda ruwa ke kwanciya a gindinta ba ta damu ba. Duk ta tafi da rumbuna. Amma a gidanmu ba a kai amarya sai an ɗaura mata zangarniyar wannan dawa a bakin lefenta. An ɗaura wa yayata Dela sa'ad da aka kai ta can yamma, gaba da garin Sarkin Yamma. Wurinta na nufa.

Gari na wayewa na isa gulbi. Rairayi ne fari fat, ya kwanta lakadan kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba. Na taka shi da ƙarfi na wuce, ban ko rage sauri ba.

Safo

Rana ta take na isa Safo. A lokacin ana tsoron mahara, kowane gari da shingen ƙaya da masu tsaron ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ya tare ni da mashi, ya tambayi daga ina. Da na ce kwarin Madarumfa sai ya dubi ɗan'uwansa ya ce, ashe ragowar ruwa ce. Haka ake kiranmu a kan tudu. Na ce masa eh, ni ce wadda ruwa ya tauna ya kasa haɗiyewa, ya matsa in wuce. Ya yi dariya, ya karɓi ƙwallon daddawa, ya matsa.

Gida biyu na yi sallama aka ce babu wuri. A na biyun matar ta faɗa mini ƙiri-ƙiri, wai mu da masifa muke yawo, in muka kwana a gida rijiyarsa sai ta rufta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, rijiyar da na gani a ƙofar gidanta ba ta bukatar taimakona.

A bayan gari na tarar da namu, cikin bukkokin kara. Can na ga Tanko, maƙerin unguwarmu, mutumin da a da sai ka yi layi kafin ya duba fartanyarka, yanzu itace yake sarowa yana sayarwa. Matarsa ta ba ni tuwon dusa da miyar kuka, tana ta ba ni haƙuri a kan ba mai. Da na faɗa musu abin da ya fito da ni, Tanko ya girgiza kai. Ya ce in rufa wa kaina asiri, kwari ya zama na gulbi, wanda ya koma kansa ya kai. Na tambaye shi, to nan da yake zaune ana kiransa ragowa, na wa ya zama? Sai ya tashi ya shiga bukka.

Sarkin Yamma

Da sassafe na bi wasu masu jakai da suka ɗauko kanwa, don ba a ratsa dajin nan kai kaɗai. Hanya duk jigawa ce, ƙafa na nutsewa, zafin bazara kamar a bakin murhu. Shugabansu wani baƙin mutum ne mai surutun tsiya. Ya ce bai taɓa ganin wadda ta yi doguwar tafiya don hatsin da bai cika tafin hannu ba, in na yarda ya aure ni in ci gero har in gaji. Na ce ya fara ciyar da jakinsa tukuna, ga haƙarƙarinsa nan ana ƙirgawa. Abokansa suka dinga yi masa tsiya har muka shiga gari.

Ranar kasuwa ce. Na ba da daddawa aka dama mini fura da ruwan tsamiya, don nono ya yi wuya. Na zaga rumfar masu hatsi ko zan dace, babu sai gero da jar dawar tudu. Wata tsohuwa mai saida gishiri ta sauke ni a gidanta ba ta tambayi asalina ba, Allah ya jiƙanta.

Gidan Jatau

Da hantsi na isa ƙauyen su Dela, 'yan gidaje ne a bakin daji. Tana sussuka ta hango ni, ta yar da taɓarya. Mun yi kuka mun gaji, don tun kafin Babban Ruwa rabonmu da juna. Ban ko sha ruwa ba na ce, "Yaya, zangarniyar Baba fa?" Ta ce tana nan. Kowace shekara tana shuka ta a wani ɗan kwari bayan gida, ta tara dami guda na iri. Nan take na zauna a ƙasa.

Sai ta ce amma damin yana cikin babban rumbu.

Dangin mijinta Anna ne, masu bin al'adar kakanni. Surukinta, tsoho Jatau, shi ne mai gida. A wurinsu in an gama kaka, mai gida kan zuba iri da hatsin gandu a babban rumbu ya liƙe bakinsa da laka, ba a fasawa sai ruwan shuka ya sauka. Ko yunwa za ta kashe mutum, sai dai ya ci ganye.

Na je na durƙusa gaban tsohon, na ce Baba, ga abin da ke tafe da ni. Na faɗa masa in na jira ruwa ya sauka, kafin in kai gida an ba da gonar, kuma gulbi zai kawo ya tare ni. Ya saurara har na gama, ya ce ya ji tausayina, amma ubansa bai taɓa fasa rumbu da rani ba, shi ma ba zai fara ba. Na ɗaga murya, na ce dami ɗaya ne, kuma na gidanmu ne. Ya ce na gidanmu ne, amma a rumbunsa ya kwana.

Na fito ina huci. Dela ta riƙe ni ta ce in aka taɓa lakar nan, aurenta aka taɓa. Dole na zauna. Na yi musu daka, na ɗebo ruwa, na yi sharar gona, kullum idona na gabas. Tsohon kan wuce ni ya ce, 'yar kwari, kallo ba ya jawo hadari. Ni kuwa in ce ai rowa ma ba ta jawo shi. Haka muka yi ta yi har ya fara aiko mini da goro.

Wata la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa har ƙasa ta ƙoshi. Da safe Jatau ya yanka jan zakara a gindin rumbu, ya fasa lakar, abin da ya fara fitowa da shi damin Dela ne. Aka raba biyu, aka sussuke nawa. Da hannunsa ya ɗura shi a gora, ya toshe bakin da tsumma, ya narka kakin zuma ya liƙe. Ya ce, "Na san inda za ki bi da shi. Tashi, rana na yi."

Komowa

Ban tsaya a Sarkin Yamma ba sai don shan ruwa. Ko'ina mutane sun fita shuka, maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Duk gonar da na wuce sai in ƙara sauri, don danshin ruwan farko ba ya jira.

Na kwana a bukkar su Tanko, ƙafafuna sun kumbura. Ya karɓi gorar ya girgiza ta a kunnensa, ya mayar mini. Da asuba na kama hanya, can sai na ji taku a bayana. Tanko ne, da sungumi a kafaɗa. Ya ce ba wai ya yarda da maganata ba ne, zai dai je ya ga yadda taurin kai ke ƙarewa.

Bakin gulbi

Tun daga nesa muka ji rurin gulbi. Ya kawo, ja wur, ya cika baki da baki, yana tafe da rassa da kumfa. Masu fito suna zaune a gaɓa da manyan gorunansu, sun ce babu mai shiga sai ya sauka, wataƙila jibi. Jibi kuwa gonar Baba ta zama ta mai shanu.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Launinsa ɗaya da na ranar nan. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na kwance ɗankwalina na ɗaure gorar iri a tsakar kaina tamau, na ja goran fito guda na nufi ruwa. Babban masu fiton, wani dattijo mai furfura, ya ce ke, hauka kike yi? Na ce in zai tura ni ya tura, in ba zai tura ba ya bar mini hanya. Ya yi salati, ya tuɓe riga.

Na kwanta rub da ciki a kan goran, na dubi ruwan na ce, "Ka ci mijina, ka ci yayyena. Wannan kam ba naka ba ne."

Dattijon na iyo yana turawa, ruwa na jan mu ƙasa. A tsakiya wani reshe ya bugi goran, ya juya, na sha ruwa har ta hanci, amma na miƙe wuya sama kamar zakara, ban yarda kaina ya nutse ba. Can ƙasa sosai muka fita, na kama saiwar giyayya na ja jikina. Abin da na fara taɓawa bakin gorar ne. Kakin yana nan daram. Da na waiwaya sai ga Tanko a tsakiyar ruwa a kan wani goran, ya ɗaga sungumi sama yana zagin kakannin gulbi.

Gida

Ban bi ta gida ba, gona na zarce, zanina na ɗiga. Na tarar da wakilin mai gari da baƙon suna zaga iyaka, yana nuna masa da sanda. Na fasa kakin da haƙori, Tanko ya sara, na jefa, na rufe da diddige. Ya sara, na jefa. Wakilin ya matso ya ce geron banzan nan ne kuma? Na zuba masa a tafi. Ɗan kwari ne shi ma, uwarsa da wannan dawa ta yaye shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa baƙon ya yi haƙuri, iri ya riga ya shiga ƙasa.

Da la'asar na isa gida. Na sa wa Baba 'yan ƙwayoyin da na rage a hannu. Ya murza, ya kai ɗaya baki ya ciza, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ita ce."

Da tsakiyar damina ruwa ya sake kwanciya a gonar har cinya, dawa ta tsaya kyam da kanta a sama. Daga kakar nan Tanko ya karɓi iri ya dawo da iyalinsa, wasu suka biyo shi. Da yawa ba su dawo ba har suka mutu, jikokinsu na can tudu, kuma har gobe in faɗa ya haɗa su da mutanen can sai an tuna musu su ragowar ruwa ne.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Yaya Dela da ba ta cinye zangarniyar aurenta ba, da dattijon da ya tuɓe riga, har da tsoho Jatau mai taurin kai irin nawa. Da muka yanke dawar farko, mata suka ce a kai wa gulbi rabonsa kamar yadda aka saba, don ya bar mu lafiya. Na ɗauki zangarniya mafi girma na je har gaɓa, na ɗaga masa ita ya gani da kyau. Sannan na juyo da abata gida, ko ƙwaya ban jefa masa ba.