Eriya Kamu Ɗaya

Shekara ashirin da shida rumfata ta facin taya tana kallon ɗakinsa na gadi, layin dogo ne kawai a tsakaninmu. Shi ke sauke shinge idan jirgi zai wuce, ya tsaya da tuta a hannu har taragon ƙarshe ya shige, sannan ya ɗaga wa motoci. Kowa Mai Tuta yake ce masa. Ni kuma yakan ce da ni Mai Faci, in yana jin tsokana ya ce mai sayar wa mutane iska. Wata biyu ke nan da muka binne shi, amma har yau in jirgi ya yi kuka sai na ɗaga kai in ga ko ya fito.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko akuya ba a taɓa takewa a mahaɗarsa ba. Direbobin jirgi na kiransa ta oba-oba tun suna nesa, shi kuwa ya san kowannensu da murya. Duk ƙarshen mako yakan jingina tsani ya hau rufin ɗakin gadin, ya goge eriyar da ke can da tsumma. Nakan ce masa, "Ko fuskarka ba ka gogewa haka." Sai ya ce, "Fuskata ba ta kawo mini labarin jirgi."

Wata rana aka kira ma'aikatan layin dogo gwajin lafiya. Bayan mako biyu takarda ta zo, an sallame shi, dalili kuwa kalma biyu: raunin ji. Ya tsallako layin ya ajiye ta a kan tayar da nake gyarawa.

"Sun toshe mini kunne da wani abu, suka sa ɗan ƙara kamar kukan sauro, wai in ɗaga hannu in na ji. Mai Faci, sauro aka ɗauke ni in tsare ko jirgi?"

Ya naɗe takardar ya cusa a aljihu. Bai yar da ita ba.

Shekara ba ta zagayo ba matarsa ta rasu, ciwon ƙirji kuma ya kama shi. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta ɗauke shi ta kai gidanta. Ɗakin baya ta ba shi, mai taga ɗaya da ke kallon bangon wani dogon gini. Daga can ko kukan jirgi ba a ji. Wani tsohon direba da ya zo gaishe shi ya bar masa ɗan rediyon sauraro, irin na riƙewa a hannu, wanda ke kamo maganar masu oba-oba amma ba a mayar da magana da shi. A kansa akwai 'yar eriyar roba, ba ta fi yatsa tsawo ba.

Ranar da na je, na tarar ya manna rediyon a kunne. Shuuu kawai yake yi, can ƙasa kuma akwai murya kamar ta wanda ya faɗa rijiya. 'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa da kofin magani.

"Baba, ai ga shi yana magana. Ya ce ya baro tasha. Ni na ji."

"Ke kin ji rabi, kin cika rabi da ka. Laifin eriyar ne."

"Baba, likita fa ya rubuta."

"Likita bai taɓa tsayar da jirgi ba." Ya juyo gare ni. "Kai ka ji wani abu?"

Na ji kalma biyu ko uku. Na ce ban ji komai ba. Allah ya yafe mini wannan, don ko yau aka sake tambayata haka zan ce.

Washegari na rufe rumfa na shiga kasuwar kayan lantarki. A hankalina na mai faci, abin da ya fi tsawo shi ya fi kamu. Na zaɓi eriyar da ta fi kowace tsawo a wani shago, har tana lanƙwasa kamar bulala, na kai masa ina alfahari. Muka ɗaura. Sai ga kiɗa, ga mai karanta labarai, ga wata mai tallar sabulu, duk sun hau kan juna. Muryar direba kuwa ta nutse gaba ɗaya.

'Yarsa ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. A hankali ta ce, "To, an canza eriya, Baba. Ka huta haka nan."

Ta fita. Ya daɗe yana kallon bulalar nan tawa. Na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, na ga ya fara tunanin ko takardar ta yi gaskiya. Ni na jawo masa. Can sai ya ce, "Miƙo mini takalmina."

"Ina za ka da wannan ƙirjin?"

"Inda ka je ka yi mini ɓarna."

A bayan kekena na ɗauke shi, ni ina turawa. Sau uku muka tsaya ya yi numfashi. Mai shagon ya baje masa eriya kala-kala a kan tebur, ya fara yabon wata baƙa mai sheƙi, wai tana kama komai.

"Ɗana, komai ɗin ne ba na so. Abokina ya riga ya sayo mini komai. Jirgi nake so."

Ya ture gajerun, ya ture dogayen. Ya ɗauki wata ta ƙarfe da ake zarowa gaɓa-gaɓa, ya duba gindinta ya ga irin na murɗawa ne kamar na rediyonsa. Sannan ya naɗe hannun riga, ya dafa gwiwar hannunsa a kan tebur, ya yi ta zaro eriyar har bakinta ya yi daidai da kan doguwar yatsarsa. Kamu ɗaya cif.

"Wa ya koya maka wannan, Baba?" in ji mai shagon.

"Shekara ashirin da shida ina goge ta rufin ɗakina. Tsawonta ke nan. Waɗanda suka kafa ta ba wawaye ba ne."

Ya kankare wurin da ƙusa don kada ya ɓace masa. Ya kuma nemi gindi mai maganaɗisu da doguwar waya, don eriyar ta fita daga ɗakin.

Da muka dawo ni na hau kujera na manna ta a saman ƙarfen taga, ta waje, shi yana kwance yana ba da umarni yana zagin hannuna. Ya ce in kira 'yarsa. Ya ajiye rediyon a kan tebur, taku uku daga gadonsa, ya juya masa baya.

Muka jira. Ƙarfe huɗu saura kwata rediyon ya yi ƙarar buɗewa, wani ya yi gyaran murya.

"Dogo ne," in ji Mai Tuta, tun mutumin bai ce uffan ba. "Har yanzu bai bar taba ba."

Sai muryar ta fito tas, ta faɗi lambar jirgi, ta nemi a sauke shinge. Mai Tuta ya maimaita maganar kalma bayan kalma, bayansa na juye. Da sabon mai gadin ya amsa, ya ce, "Ya makara. Shayi yake sha."

'Yarsa ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ya dafa kanta. "Uwata, bar kuka, kina hana ni ji. Ba ni alƙalami."

Ya zaro takardar sallamar daga aljihu, ya juya bayanta, ya rubuta lokaci da lambar jirgi da sunan direba.

Ban ce kunnensa na saurayi ba ne. Na hagun ya yi nauyi, sau da yawa sai na zagaya dama nake yi masa magana. Amma abin da aka ɗauke shi ya ji, yana jin sa. Wata biyar ya yi yana rubutawa, layi ƙarƙashin layi, rubutun yana ƙara karkacewa. Da bayan takardar ya cika ya koma gefe-gefe, har ya zagaye kalmomin nan biyu. Jirgin ƙarshe da ya rubuta na safe ne. Kafin na yamma ya iso ya cika.

Ya riga ya gaya mini abin da zan yi da takardar. Na kai ta ofishin da ta fito. Akawun ya juya gaba, ya juya baya, ya ce bai san fayil ɗin da za a sa wannan ba, mai ita ma ai ba ma'aikaci ba ne yanzu. Na ce ba sawa na zo a yi ba, hatimin karɓa kawai za a buga. Ya ce ba a yin haka. Na ce to, rumfata a rufe take, ba ni da gaggawa. Na ja kujera na zauna. Har aka kusa tashi ina nan. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya buga, a kan layin jirgin ƙarshe.

Takardar tana wurin 'yarsa. Rediyon ta ba ni. A rumfata, kusa da layi, ko 'yar robar nan za ta kama. Duk da haka kullum da safe ta ƙarfen nake zarowa, in tsaya daidai inda ya kankare. Na taɓa gwada ta da hannuna, nawa ya fi nasa da yatsa biyu. A nasa na bar ta.