Hannun Kawu a Bayan Gwiwata

Jiya a motar Bici na ji rediyo na cewa manyan 'yan ƙwallo suna kukan wasanni sun yi musu yawa, babu hutu. Nan take kawuna ya faɗo mini a rai.

A shekarun da gero ya gagari talaka, gasar ƙauyuka ta zo mana a cunkushe. Da safe muna gona, da yamma muna fili, ga ciki ba nauyi. Kawu bai san ƙwallo ba, shanun huɗa ya sani. Kullum yakan zaunar da ni a gindin rumbu, ya murza mini ƙafafu da man shanu mai ɗumi, yana lalubawa yadda yake duba bijiminsa.

Ranar wasan ƙarshe yatsansa ya tsaya a bayan gwiwata.

"Yau ba za ka buga ba, ɗan nan. Jijiyar nan ta gaji."

"Haba Kawu! Hansai fa za ta zo kallo, saboda ni ta ɗaura sabon zani."

"In gurgu take so, ta faɗa mini in nemo mata."

Na zauna a bakin fili, aka ci mu, Hansai kuma ko kallona ba ta yi ba. Na daɗe ina fushi da Kawu.

Ranar da ya rasu, da gwiwar nan na ɗauki makararsa har maƙabarta, ba ta ko girgiza ba. Allah ya hutar da Kawu, ya sanyaya makwancinsa.