Likkafanin Da Na Yanka Gajere

Wallahi abin nan ya faru da ni, wanda zai yarda ya yarda, ni na gaji da rantsuwa a kansa. Shekarar da na gama sakandare ne, ina gida a Malali ba abin da nake yi sai barci, sai Islamiyyarmu ta tura wasu mata aikin sa kai wani ƙauye a Nijar, su koya wa matan can wankan gawa da sutura, Mama ta ce in bi ɗaya daga cikinsu, Malama Hajara, ko jaka in riƙa ɗaukar mata.

Aikina yankan alawayyo, farin yadin likkafani, da ake gwaji da shi. Ran nan ina sauri na yanka ɗaya ya fito gajere, Malama ta ɗaga shi gaban mata ta ce, "Wannan kuma wa za mu sa a ciki, 'yar tsana?" Aka yi ta dariya. Haushi ya sa na cusa shi can ƙasan jakata, ba wanda ya gani.

Washegari hutu ne a ƙasar, ranar 'yancin kansu. Gari ya kwashe zuwa birni kallo, 'yan tawagarmu ma suka bi don sayo alawayyo, namu ya ƙare. Ni da Malama muka zauna, jikina kamar an yi min duka, ga shiru, ko akuya ba ta kuka. Da hantsi Malama na barci sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, lalle a hannunta ɗaya kawai.

Ta ce, "Ɗiyata, ku ne masu wanka? Akwai wadda ta cika a gidan bayan rijiya, ba ta da kowa. Ku zo kar zafi ya ɓata ta."

Na ce, "Iya, yau hutu ne fa, kuma ba mu da likkafani sai an dawo daga birni."

"Wanga gajeren na ƙasan jakarki ya isa."

Kai! Na juya na tashi Malama, kafin in waiwayo babu tsohuwar.

Muka tafi. Ƙofar ɗakin a ɗaure take daga ciki, sai da muka yanke igiyar. Tana kwance kan tabarma, jiki ya riga ya yi sanyi, ƙwaryar lalle a gefenta ta bushe, hannu ɗaya ja, ɗayan ba a kai ga sa masa ba. Ita ce. Malama ta ce, "Yi bismillah ki riƙe min buta." Muka wanke ta, na ciro likkafanin, ya rufe ta cif, har da wurin ɗauri. Da la'asar maza suka dawo aka sallace ta.

A mota muna komawa gida na dami Malama da tambaya, ta ce in yi wa baiwar Allah addu'a in rufe bakina.

Yanzu ni ke yanka wa matan layinmu likkafani, kuma duk ranar da almakashi ya zarce ya fito gajere, ba na yar da shi, ninkewa nake in ajiye, in wuni kunnena na ƙofa. Don Allah ranar hutu, kafin ku fita yawo, ku leƙa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a layinku. Kar ku bari sai ta zo da kanta.