Allin da Na Shafa wa Kwamfutar Alhaji

Shekarun baya, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina gadin wani shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya faɗa a karatu, Alhaji mai shagon ya ce in gwada zama gaban kwamfuta.

Sai dai tun ina saurayi injin markaɗe ya cinye mini yatsu uku na hagu. Haruffa ba su gagare ni ba. Abin da ya gagara shi ne umarnin da sai an danne madanni biyu lokaci guda. Kafin in lalubo su, mai takarda ya fara tsaki. Alhaji ya ce, "Malam, in wata ya ƙare a haka, bencin ƙofa na jiranka."

Na je Tarauni wajen abokina mai gyaran kwamfuta. Ya ce ana iya mayar da umarni kan madanni ɗaya, amma wanne na fi dannawa? Na ce na ƙawata rubutu mana. Ya ce, "Kai da bakinka! Je ka gano tukuna."

Na ɗauko guntun alli daga aji, da safe na shafe madannan duka. Kafin la'asar na duba. Layin sama fari fat, ban taɓa shi ba. Harafin Z kuwa ya goge tas, alhali takardun Turanci nake kwafa, ba kasafai yake fitowa ba. Ashe shi nake ta haɗawa da wani madanni ina janye kuskure. Da na gaya wa abokina, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato kai sana'arka ɓatawa da gyarawa!"

Ya ɗora janye kuskure a madannin farko na layin sama, ajiye aiki a na biyu. Wata ya ƙare, Alhaji ya nemi sabon maigadi.

Tun daga nan ba na rantsewa kan abin da hannuna yake yi sai na duba. Asara kuwa an yi: guntun alli biyu, da kibod ɗin Alhaji guda ɗaya, wanda garin alli ya shige wa ya kashe. Yatsu ukun nan kam, da ma ban sa su a lissafi ba.