Kaka Zule da Maroƙinta Baki-Zuma

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kaka Zule a gidanmu na Dogo-Dogo ya san ƙa'ida: kafin ka tashi, laluba aljihunka. Hula, goro, makullin moto, cajar waya, ba abin da hannun tsohuwar nan bai ɗauke ba, kuma tana ɗauka tana tambayarka ya gajiya. Mu jikokinta kaɗai take yi wa. Wasan kaka da jika ne, amma ita ta mai da shi sana'a. In ka kama ta, ko kunya! Sai ta ce, "Wa ya yi sata? Ajiya ce."

Shekarar da na dawo hutu daga jami'a a Damagaram, na zo da wani wasa da muka koya a can. Mutum ɗaya ke riƙe labari, sauran kowa ya ƙirƙiri mutumin da zai zama a ciki, in ya ce zai yi wani abu a jefa ƙwayar ludo a ga ko ya yiwu. Muna yi bayan la'asar a gindin bishiyar bedi. Kaka tana gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji, sai ga ta tana jawo tabarma.

"Kai, mijin banza," ta ce da ni, "a ba ni nawa mutumin."

"Kaka, jarumi kike so ko boka?"

"Maroƙi. Sunansa Baki-Zuma. Yana da wushirya, da gurmi, da riga mai aljihu har a hammata."

"To me ya iya?"

"Yabo. Yana yabonka kana lumshe ido, in ka buɗe ba takalmi."

Na ce dokar wasa ce kowa ya faɗi raunin mutuminsa. Ta yi tunani sosai, kamar wadda aka tambaya aibin ɗanta, sannan ta ce, "Ba ya iya wuce ɗumame."

Wayyo labarina! Na ɓata lokaci na shirya wani sarkin aljanu da zai tare su a ƙofar gari su gwabza. Kaka ta kife ƙwarya ta hau kaɗawa, ta dinga zuba wa aljanin nan kirari har maƙwabta suka leƙo ta saman danga. Aka jefa, shida ta fito. Baki-Zuma ya wuce da rawanin aljani da tukunyar tuwonsa, ba wanda ya zare takobi.

Ran da ƙwayar ta ba ta ɗaya kuwa, aka kama Baki-Zuma da kazar mutane a cikin riga. Ta ɗauki ƙwayar ta harare ta. "Wannan abu ba shi da tarbiyya." Ta ƙulle ta a bakin zane. Roƙon duniya mun yi, ta ce horo take ba ta. Sai da aka yo mana wata daga kasuwar Guci.

Kun dai san halin da yayana Sani yake ciki a lokacin. Su biyu suka tafi Aljeriya neman aiki shi da amininsa, shi kaɗai ya dawo. Bai yi kuka a gabanmu ba, bai kuma yi magana ba. Yini yake a bakin zaure yana kallon hanya, takalman tafiyarsa na ajiye a ƙofar ɗaki. Innarmu kullum da fargaba take tashi, kada ta leƙa ta ga ba su.

Kaka ce ta jawo shi da hannun riga. "Taso, Baki-Zuma na neman ubangida." Muka ba shi mayaƙi mai doki da takobi. Sani zai jefa ƙwaya, ya koma ya zuba tagumi. Ita kuwa ta sa shi gaba. Yau ta yabe shi, "Namijin duniya, na gaban dakaru!" ta zare takobin. Gobe ta yabe shi ta kwance dokin. Jibi garkuwa. Sani ko uffan. Har ran da mayaƙin nan ya shiga rafi wanka, Kaka ta gyara zama ta ce da ni, "Jefa min. Wandon nake so."

Shida!

"Haba Kaka!" Sani ya miƙe tsaye. "Har wandon? Da me zan shiga gari?"

Sai dariya ta ƙwace masa, mu ma muka fashe, Inna ta fito daga ɗaki tana ta salati. Kaka ta ce, "Au, ashe da baki. Kwantar da hankalinka, ajiya ce." Daga baya na same ta a bayan rumbu tana share ido da gefen mayafi. Ta ce hayaƙi ne. Ba a ma hura wuta ba tukuna.

Washegari takalman tafiyar Sani suka ɓace, na gaske. Ya je ya tsaya a kan Kaka. A rayuwata ranar ce kaɗai na ji ta musa abu. Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ban gani ba." Ya juya ya tafi. Da damina ta faɗi, da silifa ya bi mu gona.

Bara bayan girbi ta rasu. Da mata suka buɗe akwatinta, tsakar gida ta koma kasuwa: huluna, makullai, cokula, har ƙwayar nan marar tarbiyya. Kowa na ɗaukar nasa yana dariya da hawaye. Can ƙasa, naɗe cikin zanenta na Sallah, ga takalman. Sani, wanda yanzu har da ƴarsa mai sunanta, ya ɗauke su ya rungume a ƙirji. Ya ce: "Ajiya ce."

Ina kewarta, wallahi. Har yau in na tashi daga tabarma sai na laluba aljihu, in ji komai na nan, zuciyata ta karye.

Allah, Ka jiƙan Kaka Zule, Ka haskaka makwancinta. Ta adana mana ɗan'uwanmu lokacin da muka rasa yadda za mu riƙe shi. Ga ta nan a wurinka, ajiya. Ka adana mana ita har mu zo. Amin.