Ranar da Jirgin Malamai Ya Kwana a Haɗeja

Cikin duk shekarun da na yi a ofishin ayyuka, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da jirgin malamai ya kwana a Haɗeja. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna yawan tambayata abin da ya sa ba na yarda a tsara tafiyar ruwa daga kan tebur. To, ga mafarin abin.

Lokacin ba a kai ga gina manyan madatsun ruwa a sama ba, kogin Haɗeja yana cika yana janyewa yadda Allah ya so. Ni kuwa ƙaramin malamin sufuri ne a ofishin ayyuka na En'e, wato hukumar gargajiya, ko shekara ban cika ba. A tsarin wancan zamani, sabon ma'aikaci yana zaman gwaji ne, sai shugabansa ya rubuta cewa ya gamsu da shi kafin a tabbatar da shi. Aikina shi ne in rubuta motar da ta fita, da direbanta, da inda za ta, da lokacin da ta dawo. Shugabana Malam Garba mutum ne mai tsari ƙwarai. Idan ya sa hannu a takarda, ba ya son a canza ko wasali ɗaya.

Wata Litinin da kaka, damina ta ɗauke, aka kawo mana wayar tangaraho. Malaman wata kwalejin horon malamai ne, maza da mata, wajen su ashirin, suka fito yawon buɗe ido a cikin jirgin ruwa mai inji da suka aro. Sun taso daga yamma, ta wajen ƙasar Jahun, za su gangara Guri. Za su iso mana Laraba da azahar, su kwana ɗaya, su tashi Alhamis ƙarfe bakwai na safe. Abu biyu suka roƙa: a ba su lokaci su huta a kan yashin bakin kogi, kuma a kai su cikin gari su ga kasuwa kafin ta tashi.

Jirgi mai inji a koginmu! Ni kaina ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don ɗoki.

Malam Garba ya shimfiɗa taswira, ya sa jan biro ya zagaye wani babban tudun yashi da ke gabas da gari. Ya rubuta cewa a nan za a ɗaure jirgi ya kwana, baƙi su huta a kan yashin har la'asar, sannan babbar motar ofis ta kwashe su zuwa kasuwa, daga nan gidan baƙi. Ya miƙo mini fayil ya ce, "Isa, gobe zan tafi garin Malam Madori duba gyaran hanya, sai Laraba da yamma zan dawo. Ga takarda nan. Abin da ke ciki shi za ka yi, kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Talata da hantsi na hau kekena na tafi in ga wurin da idona. Yashin yana nan fari tas, mai faɗi, ruwa yana lasar gefensa. Na tarar da Baba Kolo, dattijon da yake shugabantar masu fito, wato masu ƙetarar da mutane a kwale-kwale, yana zaune yana ɗinkin taru. Na gaishe shi, na karanta masa takardar cike da alfahari. Da na gama, sai ya tashi ya ce in biyo shi.

Ya kai ni inda ya kafa wata sanda a cikin ruwa, duk jikinta tsage-tsagen wuƙa. Ya nuna tsaga ta sama ya ce, "Nan ruwa yake shekaranjiya." Ya sauko da yatsa. "Nan jiya. Ga inda yake yau. Ɗan malam, kogin nan tafiya yake yi. Jirgin naku na ƙarfe ne?"

Na ce na ƙarfe ne.

Ya ce, "Idan ya kwana a nan, da safe a kan yashi za ku same shi. Kwale-kwale ne ma mu taru mu tura. Na ƙarfe kuwa, sai dai ya jira damina mai zuwa."

Na tambaye shi to ina za a ɗaure shi. Ya ce akwai wuri mai zurfi can ƙasa kaɗan, gindin wasu giginyu uku, ruwan wurin ba ya ƙafewa ko da rani. Matsalar ita ce tsakanin giginyun da hanyar mota akwai fadama, kuma har lokacin taɓo ne.

Na koma ofis a guje na ɗauko direbanmu, Ɗanladi, muka je da motar. Ya sauka ya taka fadamar da ƙafarsa, ya nutse har idon sawu, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce, "Malam Isa, ko ni da ku za a kora, motar nan ba za ta shiga nan ba. Kai, ko hanyar tudun yashin da aka rubuta ma, ƙarshenta haka take. Iyakata bakin tsamiyar can, inda ƙasa take da ƙarfi."

Ashe takardar ta sami matsala ta gaba da ta baya. Ba waya tsakaninmu da inda Malam Garba yake aiki, kuma ko na aika ɗan saƙo, kafin amsa ta dawo baƙi sun iso. Ƙa'ida kuwa a bayyane take: ƙaramin malami ba shi da ikon canza umarnin da aka sa wa hannu. Na zauna a gindin tsamiyar nan na yi ta juya abin. Idan na bi takarda, ba wanda zai ce na yi laifi, amma jirgin mutane zai maƙale. Idan na canza, wataƙila aikina ne zai tafi. Daga ƙarshe na buɗe fayil ɗin a kan cinyata, na rubuta sabon tsari a ƙasan nasa, na rubuta dalili, na sa hannuna.

Tsarin shi ne: jirgi ya sauke baƙi a tudun yashi, ya wuce gindin giginyu ya kwana. Da la'asar kwale-kwale su kai su gaɓa, amalanken shanu su ƙetarar da su fadama zuwa tsamiya, mota ta ɗauke su zuwa gari. Da safe a sake bin hanyar, amma a nufi giginyu.

Saura amalanke. Lokacin girbi ne, kowa yana buƙatar shanunsa a gona. Baba Kolo ya raka ni wurin Bulaman ƙauyen da ke bakin fadamar. Bulama ya saurare mu, ya yi dariya ya ce, "Malaman da suke koyar da malamai ne za su hau amalanke? Ai ko don in gani da idona zan ba ku." Ya yi mana alkawarin guda huɗu, har da tabarmi da za a shimfiɗa a ciki.

Laraba tun kafin azahar bakin kogi ya cika. Masunta sun bar tarunsu, mata masu tallan fura sun sauke ƙwarya, manoma sun taho da lauje a hannu. Can sai muka ji wata ƙara daga yamma, kamar injin niƙa yana tafiya. Dinya da kirinjijiya suka tashi daga cikin ciyawa, sama ta yi baƙi da tsuntsaye. Sai ga shi ya karyo kwana, fari da rumfar tamfol, mutane a ciki suna ɗaga hannu. Jama'a suka ɗauki sowa. Wallahi ban san lokacin da na shiga ruwa da takalmina ba, fayil a ɗage sama da kaina.

Shugaban tafiyar, Malam Yusha'u, dogo ne mai tabarau. Da na yi masa bayanin cewa jirgi zai bar su a nan ya wuce gaba, sai ya ɓata rai. Ya ce, "A raba mu da jirginmu da kayanmu? Ba haka aka rubuto mana ba. Ina shugabanka?"

Ana cikin haka, wata malama daga cikinsu, Malama Hajara, mai koyar da labarin ƙasa, ta hango sandar Baba Kolo. Ta tattare zaninta ta je ta durƙusa tana ƙirga tsagogin, tana yi wa Baba tambayoyi. Ta juyo fuskarta cike da murna ta ce, "Malam Yusha'u, zo ka gani! Abin da nake zana wa ɗalibai a allo shekara da shekaru, ga shi nan a jikin sanda. Dattijon nan gaskiya ya faɗa, a bar jirgin ya tafi."

Malam Yusha'u ya gyara tabarau, ya duba, ya ce a sauke abin da kowa yake buƙata na kwana ɗaya.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Baba Kolo ya sa an kakkafa gora a cikin ruwa, ya ce kada kowa ya wuce su. Manyan malamai suka tuɓe takalma, suka naɗe wanduna, suka bazu a kan yashi. Wasu suka kama langa, wani mai tumbi ya faɗi sau uku yana tashi yana cewa a sake. Matan suka koma can gefe, suna tsoma ƙafa a ruwa suna ihu idan ƙananan kifaye suka taɓa su. Masunta suka jefa birgi, wato tarun jifa, a gabansu, aka fito da karfasa da tarwaɗa suna tsalle, nan take aka hura wuta aka gasa, aka barbaɗa yaji. Wani malamin lissafi ya roƙi a koya masa tuƙa kwale-kwale, ya yi ta zagaye a wuri ɗaya har masu fito suka riƙe ciki don dariya. A kan yashin muka yi sallar la'asar, Baba Kolo ya ja mu.

Ni kuwa idona yana kan agogo, don kasuwa tana fara watsewa kafin magariba. Da ƙyar na tattaro su. Kwale-kwale suka kai mu gaɓa, ga amalanke huɗu a jere, Bulama da kansa a tsaye. Aka hau ana dariya. Mun kai tsakiyar fadama sai ƙafar amalanken gaba ta nutse, shanu suka tsaya cak. Kafin in buɗe baki, Malam Yusha'u ya diro cikin taɓo, sauran mazan suka biyo shi, suka sa kafaɗa. Da aka yi kukan kura ɗaya amalanke ya fito, amma takalmin Malam Yusha'u ƙafa ɗaya ya zauna a ciki har yau. Da ƙafa ɗaya a takalmi ya shiga kasuwar Haɗeja, kuma abin da ya fara saya ke nan. Sauran suka yi ta jidar bandar kifi da tabarmin kaba da tattasai, har Ɗanladi ya ce idan aka ƙara ko ƙulli ɗaya shi zai sauka.

A ƙofar gidan baƙi muka tarar da Malam Garba, ya dawo daga Malam Madori. Ya dubi baƙinsa duk taɓo har gwiwa, ya dube ni. Ya gaisa da su cikin fara'a, sannan ya ja ni gefe.

"Ina jirgi?"

"Yana gindin giginyu, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa. Na rubuta dalili a fayil."

Ya karɓi fayil ɗin, bai ko buɗe ba. Ya ce, "Gobe bayan asuba ka same ni a tudun yashi."

Washegari gari yana wayewa na same shi a can, ya riga ni. Yana tsaye daidai inda ya zagaye da jan biro. Wurin da jiya jirgi ya tsaya ya sauke mutane, yau ruwan bai fi ya rufe ƙwauri ba, ana hango rairayin ƙasa, har balbela biyu suna tsaye a ciki. Malam Garba ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya yi taku goma cikin kogin, ruwa bai kai masa gwiwa ba. Da ya fito sai ya wuce ni ya tafi wurin Baba Kolo, ya durƙusa ya gaishe shi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa a bakin aiki ba.

Muka ƙarasa gindin giginyu, amalanke suna sauke baƙi da kayansu. Jirgi yana nan yana lilo a kan ruwa mai zurfi. Ƙarfe bakwai saura kaɗan aka tayar da inji. Malama Hajara tana ta rubutu a littafinta har jirgi ya fara tafiya, Malam Yusha'u ya leƙo daga rumfa ya ɗaga murya ya ce, "Malam Garba, a riƙe wannan ma'aikaci da kyau!" Muka tsaya muna ɗaga musu hannu har suka sha kwana suka nufi Guri.

A nan bakin ruwan Malam Garba ya buɗe fayil, ya karanta abin da na rubuta, ya ciro jan bironsa ya sa hannu a ƙasan nawa. Ya ce, "Ka karya ƙa'ida, Isa. Amma ka rubuta, ka kuma sa sunanka, ba ka ɓoye ba. Wannan shi ya cece ka." Kafin ƙarshen wannan wata ya rubuta a tabbatar da ni.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, wanda nake so ku ma ku riƙe, shi ne ku girmama takarda, don ita ce take hana aiki rikicewa. Amma kafin ku aiwatar da ita, ku tashi ku je wurin, ku gaishe da mutanen da suke kwana suke tashi a can, ku tambaye su. Idan kuma dole ta sa kuka canza wani abu, ku rubuta dalili da hannunku, ku tsaya a gaban shugabanku ku ce ni ne na yi.