Zanen da Aƙilu Ya Kai Fotokwafi

Aƙilu mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Gayan, mutum marar hayaniya, ko gardamar ƙwallo ba ya tsoma baki. A zamanin mulkin soja kayan gyara suka yi wuya, sai wani ɗalibin jami'a ya koya masa yin allon cikin rediyo da kansa. Yakan zana hanyoyin wuta, ya kai unguwar Gyallesu a buga masa a injin fotokwafi kan takarda mai santsi. A gida ya kifa ta kan allon jan ƙarfe, ya danne da dutsen guga har tawadar ta kama, sannan ya tsoma a asid, ya cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba.

Wata rana Bahago mai fotokwafin ya jawo shi gefe, ya rage murya.

"Malam Aƙilu, jiya wasu mutum biyu sun ga zanenka da ya lalace a kwandon shara. Wai taswirar bariki ce. Sun nemi sunanka."

"Ka faɗa musu?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

Aƙilu bai san yadda kekensa ya kai shi gida ba. A lokacin, in aka ɗauke mutum, iyalinsa ba sa sanin ƙofar da za su buga. Ya tattaro zanen duka ya nufi murhu, matarsa Sakinatu ta riƙe masa hannu.

"Malam, in ka ƙone su, da me za ka nuna gaskiyarka?"

Bayan la'asar farar mota ta tsaya a bakin lungu. Mutanen nan biyu suka shigo zaure ba sallama, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa. Dogon cikinsu ya jefa masa takardar zanen da suka tsinta a kwandon shara.

"Mene ne wannan?"

Aƙilu ya ga bayanin baki ba zai gamsar da su ba. Sai ya roƙi a bar shi ya gwada musu. Sakinatu ta miƙo dutsen guga ta bayan labule. Ya yi aikin a gabansu, har ya ƙona yatsa bai ji ba. Suka jujjuya allon, suka kwashe zanen da kwalbar asid.

"Za mu dawo," in ji dogon.

Ba su dawo ba. Aƙilu ya ci gaba da sana'arsa, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Amma har aka koma mulkin farar hula, duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kasa kunne.